Doguwar Tafiya a Kan Babur: Yadda Za Ka Je Kasuwa Ka Dawo Lafiya

Ƴan uwa ƴan kasuwa da iyalai, babur, ko moto kamar yadda ake kiransa a Nijar, ya zama jakin wannan zamani. Shi ke kai mutum daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, ko daga ƙauyukan Damagaram zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Yana bin burji da rairayi inda mota ba ta shiga. Sai dai mafi yawanmu kan duba mai da taya da birki kafin mu kama hanya, mu manta da jikin da zai zauna awa uku ko huɗu cikin rana da ƙura.

A wurin aikinmu na kiwon lafiya, idan aka kawo wanda ya faɗi da babur muka tambaye shi yadda abin ya faru, sau da yawa amsar ita ce jiri ya ɗebe shi, ko ya yi gyangyaɗi, ko hannunsa ya yi sanyi ya kasa riƙe kan babur. Wato gajiyar da ake rainawa ita ce kan buɗe wa haɗari ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara. Saboda haka jin daɗin zama a kan babur ba gata ba ne, rigakafi ne.

Kafin a tashi

Shirin tafiyar gobe da daren yau yake farawa. Direba ya samu barci na awa bakwai ko takwas. Wanda ya kwana yana ɗaurin kaya ko hira, ya nemi wani ya tuƙa. A karya kumallo da abinci mara nauyi, kamar koko da ƙosai, a bar tuwo mai yawa sai an sauka, domin cikar ciki tana kawo kasala.

A lokacin bazara, musamman watannin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a yankinmu. Ya fi kyau a tashi da sassafe, a nemi inuwa daga tsakar rana zuwa la'asar. Tafiyar dare kuwa a guje mata gwargwadon iko: ramuka da dabbobi da amalanke marar fitila ba sa ganuwa sai an zo kansu.

Mai hawan jini ko ciwon suga ya sha maganinsa yadda aka tsara masa, ya riƙe saura a aljihu. Mai ciwon suga ya ɗauki ƴan dabino ko ƙwayar suga, ya ci nan take idan ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi.

Ruwa kafin ƙishirwa

Iskar da ke kaɗa mai babur tana busar da gumi tun bai gan shi ba, sai ya ɗauka bai rasa ruwa ba. Kada a jira ƙishirwa. A lokacin zafi a sha aƙalla rabin lita a kowace awa, kaɗan-kaɗan. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi kaɗan kuma ya yi duhu kamar ruwan shayi, jiki na neman ruwa.

Wanda ya yi gumi sosai har jijiyoyin ƙafarsa suka fara ɗaurewa, ya kaɗa ƙunshi ɗaya na ORS cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ya sha. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe kan cokalin kada ya yi tozo.

Idan mutum ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka yake. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Sutura

Hular kwano ita ce ta farko. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, sanya ta yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, ya kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Amma sai ta zauna daidai kai, an kuma ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Rawani da hula suna tare rana, ba sa tare ƙasa. Fasinja ma kai gare shi, shi ma yana buƙatarta.

A sa riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe, ba silifa ba. Lokacin hunturu a ƙara rigar sanyi da safar hannu, domin yatsun da suka sandare ba sa kama birki da wuri. Tabarau yana kare ido daga ƙura da ƙwari, takunkumi ko gefen rawani kuma ya rufe hanci da baki.

Iyaye mata, a tattare zane da hijabi da gyale a danne su a kan cinya kafin babur ya tashi. Haka ma mai babbar riga. Bakin tufa ɗaya idan ya shiga sarƙa ko ƙafar baya, yakan fizgo mutum ƙasa, wani lokaci ya shaƙe wuya.

Zama da kaya

Ciwon baya da na wuya galibi daga zama suke. A miƙe baya ba tare da sanƙarewa ba, a saki kafaɗu, a ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, kada a damƙe kan babur kamar za a ƙwace shi. A kan gargada a rage gudu, a ɗan ɗora nauyi a kan matakan ƙafa domin gwiwoyi su sha girgizar maimakon ƙugu. Kujerar da sosonta ya mutu a kai a sake mata wani. Kuɗin gyaranta bai kai na maganin ciwon baya ba.

Buhu mai nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa, nauyin dama ya yi daidai da na hagu, a ɗaure tamau. Kayan da suka tura direba har ya hau tanki sun hana shi juya kan babur, sun kuma ƙara nisan da birki ke buƙata kafin ya tsaya. Sawu biyu ya fi jinyar karaya ta wata uku araha.

Hutu a hanya

Bayan kowace awa ɗaya ko ɗaya da rabi, a tsaya na minti goma. A sauka, a taka, a miƙa hannuwa, a juya wuya a hankali, a sha ruwa, a wanke fuska. Yawan hamma, nauyin ido, ko mutum ya ga ya wuce wani ƙauye bai san lokacin da ya wuce ba, duk alamun barci ne. Maganinsa a kwanta a inuwa na minti ashirin. Goro da shayi suna jinkirta barci ne kawai, ba sa biyan bashinsa.

Wasu kan sha tramadol don kada su ji gajiya. Ƙwayar tana rufe zafin ciwo, amma tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya mutum yana tsakiyar tuƙi. Maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, da wasu magungunan mura, su ma suna sa barci. Duk maganin da aka ba ka, ka tambaya ko ana tuƙi bayan an sha shi.

Yara da masu juna biyu

Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakin ƙafa ba, ko wanda barci zai iya ɗauka ya saki hannu, bai isa doguwar tafiya a babur ba. Kada a ɗora yaro a kan tanki. Jaririn da ke goye shi ke fara shan rana da ƙura, kuma in aka faɗi ba shi da kariya. In tafiyar ta zama dole, a rufe masa kai da yadi mara kauri ba tare da toshe hancinsa ba, a riƙa tsayawa ana ba shi nono.

Mai juna biyu ta nemi mota in da hali. Idan ta ga jini, ko ruwa ya fashe, ko mara ta riƙe ta a hanya, a nufi asibiti kai tsaye.

In tsautsayi ya faru

Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai tsabta har na minti ashirin, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa baƙin mai, man goge baki ko toka. Ƙujewa a wanke ta da ruwa da sabulu, a je a duba ko ana buƙatar allurar rigakafin cutar sarƙe haƙora. Wanda ya bugu a kai, ko da ya tashi da ƙafarsa, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai, barci mai nauyi, ruɗewa, ko jini daga kunne na nufin asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda ke kukan wuya ko baya kuwa, kada a ciccibe shi a ɗora a wani babur. A bar kansa da wuyansa a miƙe, a nemo mota.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa, amma iyali ba su da wani kai. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a je lafiya a dawo lafiya.