Gautan kura: yadda ake gane shi a bayan gari

Da kaka ta kama, a gefen hanyoyin shanu da tsofaffin makiyaya, daga karkarar Maradi zuwa Damagaram, ana cin karo da wani ɗan tsiro mai ƙaya ɗauke da ƴaƴa masu launin ɗorawa, kamar an rataya masa ƙananan lemu. Gautan kura ke nan. Manya sun san shi, amma yaron birni da ya je hutu ƙauye gauta kawai yake gani, kuma nan ne matsalar take, domin ɗan yana da guba.

Masana tsirrai na kiransa Solanum incanum, sunan da Linne, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya ba shi a 1753. Ba baƙon haki ba ne: asalinsa nan Afirka ne, ana kuma samunsa a ƙasashen Larabawa har zuwa Indiya. Danginsu ɗaya da gauta, yalo, tumatir, tattasai da dankalin turawa, shi ya sa kamar ta yi yawa.

Abin farko da za a duba shi ne ƙaya. Tana nan a kara, tana nan a jijiyar tsakiyar ganye, wani lokaci har a ƴar hular da ke riƙe da ɗan. Gajeru ne, wasu sun ɗan lanƙwasa. Tsiron kan kai ƙugun mutum, wani ya fi haka. Ganyensa faffaɗa ne, gefensa na lanƙwashe-lanƙwashe, kuma wani gashi mai laushi ya rufe shi, musamman ta ƙasa, har ya sa shi yin toka-toka kamar ƙura ta hau shi ko da an yi ruwa jiya.

Furen ya fi komai saurin tona shi. Launinsa shunayya ne mai haske, da kunnuwa biyar a buɗe kamar tauraro, a tsakiya kuma wani ɗan tsini rawaya. Furanni kan fito a gungu, amma galibi na ƙasan ne kaɗai ke zama ɗa, sauran su zube. Furen gautan lambu da aka saba gani fari ne, ƙarami.

Ɗan kuwa dunƙulalle ne, sumul, faɗinsa kamar santimita 3. Yana ɗanye kore ne mai zane-zanen fari, in ya nuna ya koma ruwan ɗorawa, alhali gautan lambu yawanci ja yake komawa idan ya wuce nuna. Cikinsa ƙwayoyi ne fal, ga ɗaci.

Mutane kan rikita shi da zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, tun da danginsu ɗaya kuma dukansu suna son juji da kango. Bambancin mai sauƙi ne: gautan kura jikinsa ke da ƙaya, ɗansa sumul, zaƙami kuma karansa sumul, ɗansa ne mai ƙaya, furensa dogo kamar kakaki. Shi gautan kaji ba shi da ƙaya ko kaɗan, ƴaƴansa ƙanana ne baƙaƙe.

Gubar tana cikin dukan tsiron, amma ta fi ƙarfi a ɗanyen ɗa. Wanda ya ci zai iya samun murɗar ciki, amai da gudawa. Bisashe kan kauce masa saboda ƙaya da ɗaci, sai in ciyawa ta yi wuya. Tumaki ko shanun da suka ci da yawa sukan yi ta zubar da yawu, ciki ya kumbura. Wannan ƙin da dabbobi ke yi masa ne ke sa ya mamaye filin da kiwo ya cinye: a cinye komai, a bar shi. Gaskiya ne masu maganin gargajiya suna amfani da shi, amma ba abin da za a ba yaro ya sha da ka ba ne.

Idan yaro ya ci, kar a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. A kai shi CSI mafi kusa, a tafi da reshe mai ganye da ɗa don ma'aikacin lafiya ya ga abin da aka ci. Wanda ya same shi a bakin gona ko kusa da gida, sara ba ya kashe shi, domin saiwarsa na da zurfi kuma tana sake tohowa. Sai a tone shi da hauya tun ƴaƴan ba su nuna ba, a tattara su a ƙone, kar a zuba a juji.