Idan Motocin Lantarki Suka Iso Jigawa, A Ina Za Mu Kafa Tashoshin Caji?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, maganar motoci masu amfani da lantarki ta fara shiga bakin direbobi. A Maiduguri ma tuni irin waɗannan motoci suka fara ɗaukar fasinja. To amma duk direban da ka yi wa zancen, tambayarsa ɗaya ce: "Idan caji ya ƙare mini tsakanin Gaya da Shuwarin fa?" Amsar ta dogara ne ga inda aka dasa tashoshin caji.

Abu na farko shi ne tazara. Ƙaramar mota mai batir na kilowat-awa 50 takan yi kusan kilomita 300, amma zafin rana, kunna AC da lodi duk suna rage wannan. Shi ya sa Tarayyar Turai ta ɗora dokar a samu tasha a kowane kilomita 60 a manyan hanyoyinta. Idan muka ari wannan ma'auni, hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta bi ta Wudil, Gaya, Shuwarin, Kiyawa da Jama'are zuwa Azare tana buƙatar tasha fiye da ɗaya kafin ta fita Jigawa da maƙwabtanta.

Na biyu, lokaci. Shan mai minti biyar ne, caji kuwa ba haka ba. Mu yi lissafi: ɗaga wancan batir daga kashi 20 zuwa 80 na buƙatar kilowat-awa 30. Caja mai ƙarfin kilowat 50 za ta ɗauki kusan minti 40. Kenan tasha ta fi dacewa da wurin da matafiya suka saba tsayawa su yi sallah su ci abinci. Mahaɗar Shuwarin, inda hanyar Dutse ta haɗu da babban titi kuma ga kasuwa, ta fi dajin da ba kowa, ko da fili ya fi arha a can.

Na uku, kuma mafi wuya, wutar kanta. Caja huɗu a lokaci guda na jan kilowat 200, abin da zai iya cinye yawancin ƙarfin taransifomar unguwa. Don haka sai an duba kusancin wurin da layin KEDCO mai ƙarfi. Kuma mun ga yadda Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024.

Sola fa? Rana dai muna da ita. Hukumar NADDC ta kafa tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, a 2021. Sai dai faranti mai wat 500 yana ba da kusan kilowat-awa 2.5 a yini. Mota ɗaya faranti 12 kenan, mota 20 a rana kuwa faranti 240, ban da baturan ajiya na dare da ƙurar hunturu da ke rage ƙarfinsu.

Sai kuma ambaliya. Wanda ya ga ɓarnar daminar 2022 a Jigawa ya san ba a girke kayan lantarki a kwari.

Masu bincike kan ɗora waɗannan bayanai duka a taswirar kwamfuta, su zaɓi wurare kaɗan da za su wadatar da mafi yawan tafiye-tafiye. Aikin da ya kamata a fara da shi a nan mai sauƙi ne: ƙirga motocin da ke wucewa, da inda suke tsayawa, da tsawon tsayuwarsu. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse za su iya fara wannan ƙidaya tun kafin a sayo caja ko ɗaya.