Kada Motar Ikilisiya Ta Kwana Da Ƙishi

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, sau da yawa motar ikilisiya ita ce motar kai mara lafiya asibiti. In naƙuda ta tsananta da tsakar dare, ƙofar fasto ake bugawa. To, in aka murza makulli mota ta ƙi tashi fa? Wani lokaci laifin yana cikin tanki.

Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, famfon manta a jikin inji yake, inji ke motsa shi. Amma yawancin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, famfonsu na lantarki ne, yana nutse cikin tanki. Fetur ɗin da yake turawa shi ke sanyaya shi. In mai ya yi ƙasa sosai, sai famfo ya riƙa zuƙar iska, ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu, wata rana ya mutu.

Kusa da famfon akwai wani abu mara nauyi da ke yawo bisa mai, makanikai suna ce masa fulot. Yana ɗaure da siririn ƙarfe mai goga wani ɗan faranti. Hawa da saukarsa ke canja ƙarfin wutar da ke zuwa ga allurar da ke gaban direba. Gargadar hanya takan cinye wurin gogar, sai allura ta maƙale, tana nuna rabin tanki alhali babu kome.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023, da yawa cikinmu lita biyar muke sha a hannun 'yan bumburutu. Ba laifin kowa ba ne, hali ne. Amma kuɗin famfo sabo ya fi na lita goma nesa ba kusa ba.

Don haka dattawan ikilisiya su kafa doka: kada allura ta sauka ƙasa da kwata. A tace man galan da tsumma mai tsabta. In allura ta daina motsi, ko aka ji tanki yana kuka, a kai wa makaniki a makon nan.

'Yan'uwa, mun san misalin budurwai goma a Matiyu sura 25. Biyar sun makara don ba su tanadi mai ba. Ubangiji ya ba mu hikimar shiri tun da rana.