Ina Gansakuka Take Ɓuya Da Rani?

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dutse, ko Kiyawa, ko Birnin Kudu, ya san gansakuka. Ita ce koren abin nan mai santsi da ke rufe kududdufi. A watan Afrilu kududdufin zai bushe ƙaf, ƙasa ta tsattsage. Amma da ruwa ya sauka a watan Yuni ko Yuli, sai ga ta ta dawo. To, ina ta ɓuya?

Gansakuka ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta fure. Irin wadda muka fi gani zare-zare ce, kamar gashi. Idan ruwa ya wadata, zaren yakan tsinke, kowane guntu ya ci gaba da girma.

In ruwa ya fara janyewa kuwa, sai ta sake dabara. Zare biyu za su jeru gefe da gefe. Sai 'yan ƙananan bututu su fito su haɗa su, kamar matakan tsani. Abin da ke cikin wannan zare sai ya bi bututun ya shiga wancan. Su haɗu su zama ƙwaya mai taurin ɓawo. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita.

Masana ilmin tsirrai suna kiran wannan ƙwaya zaigosifo. Kalmar daga harshen Girka take. Rabinta na farko yana nufin karkiya, watau itacen da ke haɗa shanun huɗa biyu. Rabi na biyu yana nufin iri. Ke nan, irin da aka samu bayan biyu sun shiga karkiya ɗaya. Lalle wanda ya raɗa sunan ya san noma! A kula, ba a kiran guntun zaren da ya tsinke da wannan suna. Sai ƙwayar da haɗuwar biyu ta haifar.

Ƙwayar nan takan nutse ta kwanta cikin taɓo. Zafin rani ba ya kashe ta. Da ruwa ya taɓa ta, sai ɓawon ya fashe, sabon zare ya fito.

Shi ya sa ba a raba kududdufi da gansakuka, sai dai a rage ta. In za ku kwashe, ku janyo ta waje da manjagara ta bushe, a kai gona. Kada a daddatse ta cikin ruwa, don kowane guntu zai rayu. Takin zamani da kashin dabbobi da ruwa ke kwasowa su ne abincinta. In ta yi yawa ta ruɓe, sai iskar cikin ruwa ta ƙare, kifi ya mutu.

Akwai kuma wata iri wadda ba ta da zare. Takan sa ruwa ya yi kamar an zuba koren fenti. Wannan tana iya zama da guba. Kada a shayar da dabbobi a nan, kada yara su yi wanka. Tafasa ruwan ma ba ya kawar da gubar.