Yadda Ake Shirya Manyan Injunan Gini Kafin Sanyin Alaska Ya Sauka

A ranar 23 ga Janairun 1971, ma'aunin zafi a sansanin Prospect Creek da ke Alaska ya sauka zuwa digiri 62 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a ƙasar Amurka. Ta wannan yanki ne aka shimfiɗa bututun mai mai tsawon kimanin kilomita 1,290 daga Prudhoe Bay zuwa tashar ruwan Valdez tsakanin 1975 da 1977. Katafiloli da giredoji da injunan haƙa su suka ɗauki nauyin aikin, kuma a irin wannan wuri injin da ya ƙi tashi da asuba yana iya barin ma'aikata a daji babu abin ɗumama jiki.

Sanyi ba ta ƙarfe yake fara kama inji ba, ta ruwayen da ke gudana a cikinsa yake shiga. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan kumburi ya isa ya tsage lagireto ko gangar injin kanta. Saboda haka tun kafin kaka ta wuce bakanike yakan auna ruwan sanyaya inji, ya tabbatar an gauraya shi da sinadarin etilin gilaikol. Gaurayen rabi da rabi ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. A arewa mai nisa akan kai sinadarin kashi 60. Abin mamaki, zuba shi zalla kuskure ne, domin shi kaɗai yana daskarewa a wajen digiri 13 ƙasa da sifili. Sinadarin yana da zaƙi, karnuka da namun daji kan lashe wanda ya zube, jiki kuma ya mai da shi gishirin okzalet mai toshe ƙoda. Shi ya sa ba a tsiyaye tsohon ruwan a ƙasa.

Man dizal ya fi wuyar sha'ani. Akwai kakin farafin narke a cikinsa, wanda yakan fara fitowa ƙwaya-ƙwaya idan sanyi ya yi yawa, kamar yadda man ja yake yin barci a kwalba. Man ya yi gajimare, ƙwayoyin su liƙe a filta, inji ya mutu alhali tanki cike yake. Maganin farko shi ne sauyawa zuwa dizal na hunturu, mai sirki da nau'in kananzir. Na biyu shi ne wasu sinadarai da ake ɗigawa a cikin man tun yana da ɗumi. Ba sa hana kakin fitowa. Mannewa suke yi a jikin ƙwayoyin, su hana su girma, har su iya ratsa filta.

Wannan dabara ta daɗe a jikin halittu. Ruwan tekun Antatika yana kusa da digiri 1.9 ƙasa da sifili, sanyin da ya kamata ya daskarar da jinin kifi. A 1969 Arthur DeVries ya bayyana cewa kifayen wurin suna ɗauke da wani furotin mai haɗe da sukari a jininsu. Daga baya aka gano cewa furotin ɗin yana kama fuskar ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne, ya tsayar da girmansu. Aikinsa ya fi kama da na sinadarin dizal fiye da na ruwan lagireto, wanda yawansa ne kawai ke saukar da matakin daskarewa.

Akan cika tankin mai da yamma bayan tashi daga aiki. Tanki mai sarari yakan tara raɓa a bangonsa, ruwan ya kwanta a ƙasa, ya daskare a cikin tiyo. Wanda ya saura har bazara kuwa ya zama gidan baktiriya da fumfuna masu cin dizal, irin su Hormoconis resinae.

Baƙin mai shi ma yana yin kauri. Akan bar mai lamba 15W-40 a koma 5W-40 ko 0W-40, a sauya giris da man haidirolik zuwa marasa kauri, a kuma jona na'urar ɗumama gangar inji da lantarki cikin dare. Batir kuwa ƙarfinsa yana raguwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa, tun da sanyi yana rage saurin aikin sinadarai a cikinsa, kamar yadda yake kashe wa ƙadangare jiki. Cikakken batir yana jure sanyi ƙwarai, amma wanda ya sauka yana iya daskarewa a 'yan digirori ƙasa da sifili, ya fashe. Sababbin injuna sun zo da ƙarin ɗawainiya: ruwan yuriya da ake fesawa a salansa domin rage gubar hayaƙi yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, don haka ake haɗa tankinsa da abin ɗumamawa.

Daga ƙarshe sanyin yakan kai ga ƙarfen. Ƙarfen da yake lanƙwasa a lokacin zafi yana iya karyewa farat ɗaya a tsananin sanyi, darasin da aka koya daga jiragen ruwan Liberty da suka tsage a Yaƙin Duniya na Biyu. Direba mai hankali yakan bar inji ya ɗumama, ya motsa hannun haƙa da bokiti a hankali sau da dama kafin ya kafa haƙori a daskararriyar ƙasa. Da yamma kuma ya kankare laka daga sarƙar katafila, ya hau da ita kan katako ya ajiye, domin sarƙar da ta kwana a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da safe manne take, kuma fizgarta da ƙarfi yana iya lalata giyar da ke juya ta.