Jega: Garin da ya tashi a bakin Gulbin Zamfara

Duk matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal zuwa Yawuri da Kwantagora, tilas ne ya ratsa garin Jega na jihar Kebbi. A nan ne kuma hanyar Birnin Kebbi ta haɗu da wannan babban titi. Matsayin mahaɗa shi ne ƙashin bayan garin tun kafuwarsa kimanin shekaru 200 da suka wuce.

Jega na zaune ne a gefen Gulbin Zamfara, wanda ake kira Gulbin Gindi a wannan yanki, kafin ya gangara ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su faɗa cikin kogin Kwara. Fadamar da gulbin ke shayarwa ta sa jama'a ba su dogara ga damina kaɗai ba. Ana noman gero da dawa a kan tudu, kana a shuka shinkafa da albasa da barkono a fadama. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Jega na da mutane fiye da dubu 190.

Daga Gimbana zuwa Jega

Tarihin garin na da alaƙa ta kai tsaye da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Daga cikin almajiran Shehu akwai Malam Abdussalami, wani malami Ba'are da ya zauna da jama'arsa a Gimbana, cikin ƙasar Kabi. A ƙarshen shekarar 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta far wa Gimbana, ta kama mutane da dama. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, sai jama'ar Shehu suka ƙwace su. Wannan lamari na daga cikin abubuwan da suka haddasa hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, da kuma ɓarkewar yaƙi.

Sai dai bayan nasarar jihadi, Abdussalami ya nuna rashin gamsuwa da rabon da aka ba shi na mulki. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ya yi tawaye ga Muhammadu Bello daga garin Kware. An ci garin a farkon 1818, shi kuma ya rasu sakamakon raunin da ya samu. Sauran mabiyansa suka tattaru a Kalambaina, kusa da Gwandu, inda Bello ya kai wa baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo ɗauki aka murƙushe su. Masana tarihi na ɗaukar wannan yaƙi a matsayin abin da ya sasanta tsakanin shugabannin biyu.

Daga bisani Buhari, ɗan Abdussalami, ya yi mubaya'a, aka ba shi izinin kafa gari wajen shekarar 1820. Garin shi ne Jega, kuma har yau hakiminsa na riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega a ƙarƙashin masarautar Gwandu.

Zangon fataken goro

A ƙarni na 19 Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, kan yada zango a nan kafin su ƙetare Kwara. Sukan tafi da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su komo da goro. Kamar sauran manyan kasuwannin zamanin, an yi cinikin bayi a cikinta.

Zuwan Turawan Ingila, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903, ya sauya alƙiblar ciniki. Goro ya koma bin teku zuwa Legas, sannan ya hau jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911. Ayarin jakuna ya ja baya, amma titin mota ya sake mayar da Jega mahaɗa.

Maƙwabta da ƙalubale

Aliero da ke maƙwabtaka da Jega ta yi suna wajen noman albasa, wadda ake lodinta zuwa kudancin Najeriya da ƙasashen maƙwabta, da kuma masu ɗorin gargajiya. A can ne aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar a 2006. Maiyama kuwa na kudu, a kan hanyar Koko. Daga Jega ne kuma Farfesa Attahiru Jega ya fito, wanda ya shugabanci hukumar zaɓen Najeriya daga 2010 zuwa 2015.

To amma gulbin da ke ciyar da yankin shi ne kuma ke yi masa barazana. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi gab da girbi. Manoman albasa kuma na fama da ƙarancin rumbunan adana ta zamani, abin da kan tilasta musu sayarwa da arha lokacin da kasuwa ta cika, ko kuma su yi asarar wadda ta ruɓe.