Hawainiyar Kurmi Ba Ta Zama Abuja Sai An Gina Mata Daji

Babu ɗan Arewan da ya tashi a ƙauye bai san hawainiya ba. Ita ce ake tararwa da damina a jikin rama ko a kan darni, tana taku ɗai-ɗai kamar mai tsoron ƙasa, ido ɗaya na duban gabas ɗaya na duban yamma. Da ita ake yi wa mutum kashedi a ce hawainiyarsa ta kiyayi ramar wani, da ita kuma ake zolayar aikin gwamnati in ya ƙi gaba ya ƙi baya, a ce yana tafiyar hawainiya. Yara na gudunta don an ce musu tana da dafi, alhali kuwa ba ta da shi ko kaɗan.

To, ashe wannan hawainiya tana da wata ƙanwa a Kurmi, wadda 'yan Arewa mazauna Kalaba da Ikom za su shekara ashirin kusa da ita ba su sa ta a ido ba. Tsawonta duka har da wutsiya bai wuce inci 4 ba, watau kamar ɗan yatsa. Launinta na busasshen ganye ne, ba ta rikiɗa ta koma kore shar kamar ta Arewa, wutsiyarta kuma gajeruwa ce. Wani Bajamushe mai suna Buchholz ne ya fara bayyana ta ga masana a shekarar 1874, suna kiranta Rhampholeon spectrum. Mazauninta dazuzzukan Jihar Kuros Riba ne, da Kamaru, da Gabon, da tsibirin Bioko. Da rana tana yawo cikin ganyayen da suka zube a ƙasa tana farautar ƙananan ƙwari, da dare ta hau wani ɗan tsinke ta kwana. In aka kama ta jikinta yakan ɗauki wata irin karkarwa, ko kuwa ta sandare kamar matacciya. Tana da dangi a Tanzaniya da Malawi, akwai kuma wasu masu kama da ita a Madagaska, inda a 2021 aka bayyana wata wadda namijinta bai kai inci ɗaya ba.

Mutanen Turai da Amurka sun daɗe suna kiwon irin waɗannan a cikin akwatin gilashi mai cike da tsirrai, yanzu kuma hotunansu na shiga wayar kowa. Abuja kuwa gari ne na masu son ƙawata falo, ga masu sayar da furanni jere a bakin manyan tituna. Saboda haka ba abin mamaki ba ne direba ko ɗan kasuwa mai hawa da sauka tsakanin Kalaba da Abuja ya sami saƙo daga wani maigida cewa a samo masa guda biyu. Kafin ya ce an gama, ya kamata ya san abin da ke cikin maganar.

YADDA AKE HAƊA AKWATIN

Wannan dabba ba a keji take zama ba kamar aku ko kanari. Ƙasan daji ake gina mata a cikin gilashi. Akwati mai tsawon ƙafa 2, faɗin ƙafa ɗaya, tsayin ƙafa ɗaya da rabi ya ishi namiji ɗaya da mata biyu. Ba a haɗa maza biyu, don ɗaya zai takura wa ɗaya har ya bar cin abinci. Murfin kuwa na ragar sauro ake yi, don iska ta riƙa shiga ƙwari kuma kada su tsere.

A can ƙasa ana zuba tsakuwa mai kaurin inci 2, nan ne ruwan da ya yi yawa zai tsiyaye ya kwanta. Sai a shimfiɗa ƙyallen raga a kai, a barbaɗa dakakken gawayi don ya hana wari. Sa'an nan a zuba ƙasa kamar inci 3, baƙar ƙasar gindin itace wadda ba ta taɓa ganin takin zamani ko maganin feshi ba, a gauraya ta da zaren ɓawon kwakwa. Wannan zare da ake zubarwa a kasuwannin Ikko da Badagiri yana riƙe laima ba tare da ƙasa ta zama taɓo ba. A cikin wannan ƙasar ce macen take tona rami ta yi 'yan ƙwayayenta.

Daga nan sai busassun ganyaye, a zuba su da yawa, kada a yi rowa. Mai son tsabta zai ga kamar shara ce ya so ya kwashe, amma su ne ɗakin dabbar, su ne kuma gonarta. In ba ta da inda za ta ɓuya, fargaba kaɗai ta isa ta kashe ta. Sai a kakkafa tsinkaye sirara, waɗanda kaurinsu bai wuce na tsinken tsintsiyar kwakwa zuwa na fensir ba, domin ƙafarta ba ta iya kama reshe mai kauri.

Tsirran da suka dace su ne masu son inuwa: ciyawar nan ta kurmi mai ganye kamar gashin tsuntsu, da furen nan mai yaɗo da ake ratayewa a baranda wanda masu furanni ke kira pothos, da ƙananan dangin ceɗiya, da gansakuka. Duk wanda aka sayo a bakin titi sai an zubar da ƙasar da ya zo da ita, an wanke saiwa da ganye sarai, don masu furanni na yin feshi. Bayan an dasa a bar akwatin wata guda babu dabba a ciki, har tsirran su kama.

Ba ta shan ruwa a kwano. Raɓar da ke kan ganye take lasa, don haka sai an fesa ruwa safe da yamma, in da hali ruwan sama. Abincinta kuma sai mai rai, mai motsi, wanda bai fi faɗin kanta ba: ƙananan ƙudajen da ke taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba, da 'ya'yan gyare sabbin ƙyanƙyasa. Ana barbaɗa musu garin sinadarin ƙarfafa ƙashi da ake samu wurin likitocin dabbobi. Watau mai kiwon hawainiya dole ya zama mai kiwon ƙuda, abin da ba kowace uwargida za ta yarda da shi a falonta ba.

Cikin gida ma akwai abokan gaba. Tururuwa da cinnaka na iya gamawa da ita a dare ɗaya, maganinsu shi ne tsohuwar dabarar nan ta sa ƙafafun tebur cikin gwangwanayen ruwa. Ɗakin da akwatin yake kuwa an yi ban kwana da fiya-fiya da igiyar leƙo ke nan.

ZAFIN ABUJA

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yanayi. A ƙarƙashin manyan itatuwan kurmi rana ba ta kai wa ƙasa, iska kuma kullum a jiƙe take. Ruwan da ke sauka a Kalaba a shekara ya kusa ninka na Abuja sau biyu. Masu kiwon waɗannan dabbobi suna tsayar da zafin akwati tsakanin digiri 21 da 25, kuma sun san in ya doshi 30 ya daɗe, mutuwa ce. A Abuja kuwa, a watan Maris zafin rana yakan haura digiri 35. Kafin nan ga hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da leɓen mutum ma ke tsagewa, balle fatar abin da bai kai nauyin ƙwayar goro ba.

Mai na'urar sanyaya ɗaki zai ce ai shi ba shi da damuwa. Amma na'urar tana busar da iska, kuma ranar da aka ɗauke wuta da tsakar rana maigida yana ofis, akwatin gilashi tanda yake zama. Akwai 'yan dabaru: a ajiye shi a ƙasa-ƙasa cikin ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, a lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu da hunturu, yadda ake yi wa randa, a ɗora gorar ruwan ƙanƙara a kan murfi da bazara. Suna taimakawa, amma suna bukatar mutum a gida kullum, kuma dabbar ko an kula da ita da kyau shekara biyu zuwa uku take yi. Wadda aka kamo daga daji aka cusa a kwali ta kwana a mota kuwa, da wuya ta ga wata na biyu. In ta mutu, wanda ya kawo ta shi za a ce ya kawo marar lafiya.

ABIN DA DOKA TA CE

Nijeriya tana cikin yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji da ake kira CITES, wadda aka ƙulla a 1973. A taron da aka yi a Johannesbag ta Afirka ta Kudu a 2016 aka sa waɗannan ƙananan hawainiyoyi na Afirka cikin jerin dabbobin da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka kawo shawarar. A 1985 aka kafa Doka ta 11 a kan wannan ciniki, a 2016 aka yi mata gyara aka ƙara yawan tara. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Abuja ce ke ba da izini. Saboda haka wanda ya karɓo kwali daga Kamaru ta Ikom ba takarda, shi za a riƙe a shingen bincike, ba maigidan da ke jira a Maitama ba. Dajin Gwamnatin Tarayya na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991 ya haɗa da Oban da Okwangwo, shi kuwa haramun ne a ɗauki wata dabba daga cikinsa.

Amsar da ta dace mai ɗauko saƙo ya mayar ita ce: maigida ya haɗa akwatin tukuna, ya dasa tsirransa, ya sa ma'aunin zafi a ciki, ya riƙa rubuta abin da ya nuna da ƙarfe biyu na rana tun daga Janairu har ƙarshen Afrilu. In ya taɓa haura digiri 28, to ya ci gaba da ba furanninsa ruwa. In bai haura ba, sai ya tafi Ma'aikatar Muhalli da ke Mabushi ya tambayi yadda ake samun wadda aka ƙyanƙyashe a hannu, mai takarda.